Tushen Tattasai a Jikin Inji

Makon jiya ɗayanku ya ɗauki alli ya bi injunan ban-ruwa da ke rumfata yana rubuta musu lamba, ɗaya, biyu, uku, kamar layin karɓar shinkafar agaji. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce wai don a yi adalci, wanda ya riga zuwa a riga sallamarsa. Sauran kuka gyaɗa kai. Na sa shi ya goge da tsumma, ban ƙara magana ba, don ranar akwai aiki. Yau babu, shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan, tunda maganar baki ba ta shiga kunnenku in waya tana hannu.

Kun ɗauka gyaran inji shi ne a kwance buji, wato fulogi, a hura karburato, a ja igiya ya tashi. Wannan ko wanda ya yi wata biyu a rumfa ya iya. Kayan aikin ma ba wani abin mamaki ba ne, ga su nan a akwati: kile na kwance noti, guduma, burushin ƙarfe, gwangwanin isansi, wato fetur, na wanke kaya, da wuƙar yankan juwan, shimfiɗar nan da ke hana inji yoyo, wuƙar da ta girmi yawancinku. Duk wanda ya sace akwatin nan ya mallake su. Abin da ba a sacewa shi ne ka tsaya da safe, injuna jere a gabanka, hannu biyu gare ka, ka san wanne za ka fara taɓawa, wanne zai jira, wanne kuma ba naka ba ne sam, sai ka miƙa wa wani. A kan wannan na tsufa, kuma har yau akwai safiyar da yake hana ni shan shayi.

Injin farko da na kwance ni kaɗai na wani manomi ne mai gona a hanyar Shetimari. Lokacin ina aparanti, ɗan koyo irinku, a wurin Ba Kiari, Allah ya ji ƙansa, wanda rumfarsa take bayan masu sayar da tattasai a nan Diffa. Injin ya zo da sassafe kafin kowa, sai na shimfiɗa buhu na fara kwance shi ina jin daɗin kaina. Ba Kiari ya iso ya tsaya a kaina.

"Wa ya ce ka taɓa wannan?"

"Shi ya fara zuwa, Baba."

"To, gona ta san wanda ya fara zuwa?"

Ya kama kunnena, ga ni da gemu ya fara fitowa, ya kai ni gaban wani inji da aka sauke a lokacin. Ya nuna mini abin da ke ɗaure a ƙarfensa: tushen tattasai guda, da saiwarsa da ƙasarsa a cikin leda.

Dokarsa ke nan, kuma ita na gada. Duk wanda ya kawo inji a lokacin ban-ruwa, sai ya je kusurwar gonarsa da ta fi jin ƙishi, ya tumɓuke tushe ɗaya da ƙasarsa, ya ɗaure a jikin injin. Ba Kiari ba ya tambayar mutum yaushe yake son kayansa, don kowa amsarsa ɗaya ce: jiya. Tushen ake tambaya. In ganye ya yi laushi amma ƙasar ta dunƙule a hannu, gonar tana da sauran kwana. In ganyen ƙasa ya naɗe, ƙasar kuma ta warwatse kamar gari, lokaci ya matso. In ka girgiza tushen fure ya zubo a tafin hannunka, to wannan gonar gobe ma ta yi mata nisa, domin tattasan da ya zubar da fure ko ka juye masa kogin Komadugu duka ba zai mayar da shi ba. Sai ka duba irin ƙasar kuma. Mai laka tana riƙe ruwa, tana da haƙuri. Mai yashi ba ta san shi ba. Da wannan ake jera injuna: wanda gonarsa ta fi kusa da mutuwa shi ne gaba, ko da shi ya zo ƙarshe.

Na tuna wani inji na wani tsoho daga Barwa, wanda ba abin da ke damunsa sai buji da ya yi baƙi da hayaƙi. Tushensa kore shar, bisa doka ƙarshen layi ne wurinsa. Ba Kiari ya goge bujin da burushi kafin shayi ya tafasa, ya sallame shi. Na ce, "Baba, ka karya dokarka." Ya ce, "Wa ya mutu?" Babu wanda ya mutu. Doka ta biyu ke nan: aikin da bai kai tafasar shayi ba ana tsallake layi da shi, muddin ba zai ci ranar wani ba. Tsohon ya kama motar kasuwa ya koma gida, rumfa ta ragu. Amma ku kula, don na san ku. In aka bar ku, gajerun ayyuka kaɗai za ku riƙa tsinta, a ce kun sallami mutum goma kafin azahar, a bar mai fasasshen piston yana zaune a benci har gonarsa ta zama itacen girki.

Masu ƙarya kuwa sun fi injuna yawa. Bayan na buɗe tawa rumfar, akwai wani Alhaji dillalin tattasai, ba zan faɗi sunansa ba, ƴaƴansa suna nan, wanda ya gane dokar ya ce zai yi mata wayo. Ya sa aka tumɓuke tushe aka shanya a kan kwanon shagonsa yini guda, washegari ya zo da shi ɗaure a inji, a bushe ƙayau. Tushen da rana ta gasa a kan kwano daga sama yake bushewa, furensa yana nan manne, ƙasar kuma ta yi ɓawo a waje, ciki da danshi. Ƙishin gona daga ƙasa yake hawa. Na fasa dunƙulen a gabansa na nuna masa danshin. Ya ce, "Malam Ari, ka san ko ni wane ne?" Na ce, "Na sani, Alhaji. Kai ne na ƙarshe." Ya ɗauke injinsa ya kai wani wuri, ya dawo da shi bayan mako an sa masa segiman, wato zoben piston, na wani inji daban. Akwai kuma masu kawo injunan da ƙungiyoyin agaji za su raba, su ce lallai ranar Litinin, don baƙi za su zo ɗaukar hoto. Ko tushe ɗaya babu a jikinsu. Wannan Litinin ta baƙi ce, ba abin da ke mutuwa in ta zama Talata.

Doka ta uku ita ce mai ɗaci. Akwai ranar da za ka jera tushe ka yi lissafi, ka ga ko ba ka ci abinci ba, ba za ka cece su duka ba. A ranar ba ka cire wanda ya zo ƙarshe, ba ka cire talaka, ba ka cire wanda ba ka so. Aikin da ya fi tsawo kake cirewa, don shi kaɗai yake cin lokacin gona uku. Ka cire shi ka fitar ga wani mai gyara. Kuma ba kowa ake ba ba. Sai ka san hannunsa, ka san tsawon nasa layin, ka sa hanya a lissafi, tafiya da dawowa, don gona ba ta daina jin ƙishi saboda inji yana kan hanya. In ya ɓata aikin kuma sunanka ne ya ɓaci, manomi kai ya sani.

Ni nawa mutumin Yaya Modu ne. Tare muka yi aparanti a wurin Ba Kiari. Ya girme ni, ya kuma fi ni hannu, wannan ba kara ba ce, haka yake. Ni mai sauri ne, shi mai nawa. Ya buɗe rumfarsa a ƙauyensu gaba da Shetimari, kusa da ruwa, inda injuna ba su da yawa, saboda haka dogon aiki ya dace da shi. Tsohuwar tayar babbar motar nan da ke bakin rumfata, a kanta nake ɗora duk injin da za a fitar, mai moto, wato babur, ya zo ya ɗauka, kafin hantsi ya yi zafi yana hannun Yaya Modu. Hali ɗaya gare shi da muka yi ta musu a kai: ba ya yanke tushen da ke jikin inji sai ya kai injin bakin kogi da kansa, ya jefa tiyo, ya ga ruwa ya hau gaɓa ya zuba. Ni a duro nake gwaji, ga shi nan kuna gani. Yakan ce, "Ari, ruwan duro ko tsohuwa da ludayi ta iya kwashe shi. A gaɓa ake sanin inji." Ni in ce, "Kai dai yawon bakin ruwa kake so, ka gaisa da masu wanki." Amma gaskiya tasa ce, injin da ya ja a duro yana iya kasa hawa gaɓa mai tsawo. Shi ya sa in inji ya dawo daga wurinsa babu tushe, ko murfinsa ba na ɗagawa.

Sai shekarun nan na tashin hankali suka zo. Ba sai na ba ku labari ba, a ciki kuka girma. Abin da ya shafi rumfa kawai zan faɗa. Aka hana moto, tafiyar da take ɗan lokaci ta koma daga safe har azahar a amalanken jaki, da tsayawa a shinge ana leƙa tankin inji. Kayan gyaran da suke hayowa daga ƙetaren kogi suka yanke, muka koma yanka juwan daga kwali, muna cire segiman daga matattun injuna. Isansi ya yi wuya, wanda ake samu gauraye yake da abin da Allah kaɗai ya sani, yana kashe inji kamar annoba. Gonaki da yawa aka bar su. Waɗanda suka rage, da safe ake shiga, a fito kafin la'asar. Masu gyara suka watse, wasu Damagaram, wasu suka koma tura baro. Yaya Modu ya ƙi tashi. Ya ce in ya tashi wa zai karɓi dogon aiki.

Injin Ya Fanna ya zo ne a zafin bayan damina, lokacin da tattasai yake cikin fure. Ya Fanna dattijuwa ce da ta hayo daga ƙetare da jikokinta, ba miji, ba ɗa. Wani gida na nan suka ara mata gona a bayan gari da tsohon inji, da sharaɗin in ta noma ta fitar, ta ci gaba da riƙewa, in ta kasa su ba wani, don masu nema suna da yawa. Na ja igiyar injin, ta ƙi motsi. An bar shi ya yi aiki ba mai, piston ya cije a ciki, ya kankare silinda. Na girgiza tushenta, fure ya faɗo. Ƙasar rabi yashi. A ranar akwai wasu huɗu a gabana, uku daga ciki ganyensu ya naɗe, amma aikinsu gajere ne: karburato, juwan, farfelar da ta sha yashi. Nata shi kaɗai zai cinye abin da su ukun za su ci.

Na ɗauki injinta na ɗora a kan taya. Ta san ma'anar tayar, an gaya mata a benci. Ta taso.

"Malam Ari, ba kai ne aka ce mai kusa da mutuwa kake fara yi ba?"

"Ni ne, Ya Fanna."

"To wa ya fi nawa kusa? Nuna mini shi in yi masa jaje."

Mutanen benci suka yi dariya, ni ban yi ba. Na ce mata babu wanda ya fi nata. Na ce in na fara da nata, ita ta tsira, gona uku su zube. In na fitar da nata, su ukun sun tsira tabbas, ita kuma tana da hanya, in Allah ya yarda.

"In Allah ya yarda ɗin nan ni kaɗai aka ba?" in ji ta. "Su an ba su tabbas."

"Haka ne."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "To, ba ka iya ƙarya ba dai. Wa za ka kai wa?"

"Wanda ya fi ni."

"In akwai wanda ya fi ka, me ya sa ake zuwa wurinka?"

"Ni na fi kusa da kasuwa."

Na ce mata ta kwashi jikokinta da bokiti, su riƙa shayar da layukan da suka fi fure, su rufe gindi da ciyawa. Ba zai raya gonar ba, amma zai riƙe ta har injin ya dawo.

Na kira Yaya Modu a waya. Bai tambayi ko na wane ne ba, ba ya tambaya. Ya ce, "Me tushe ya ce?" Na ce fure ya fara zuba, ƙasa rabi yashi, amma za a riƙe da bokiti. Ya ce, "Me inji ya ce?" Na gaya masa. Ya ce, "Kai kullum ƙashi kake aiko mini, naman ka cinye." Na ce, "Kai ke da haƙori, Yaya." Ya ce yana da silinda a wani mataccen inji da zai yi daidai, in turo Bukar mai amalanke yanzu, ya zauna can ya jira har a gama. Na ce masa, "Wannan karon ka gwada a duro. Bakin ruwanku ba daɗi, kowa yana faɗa." Ya ce, "In aikin duro kake so, ka yi da kanka." Ya kashe wayar.

Na yi ukun nan bi da bi, na huɗun ya jira don ƙasarsa laka ce. Kullum in rana ta take, Ya Fanna takan fito daga gona ta zo ta zauna a benci, hannunta duk kanta saboda bokiti, ta ajiye sabon reshe a gabana. Ba ta taɓa tambayata ina injin ba. Ni kuma in girgiza reshen in ajiye. Kullum abin da ke zuba yana ƙaruwa.

Bukar ya iso ranar Laraba da azahar, yana tafe a ƙasa yana jan jakin, abin da ba ya yi. Ya tsaya a bakin rumfa bai yi sallama ba. Na dubi injin kafin in dube shi, haka sana'a ta mayar da ni. An wanke shi tas. A ƙarfen da aka ɗaure tushe babu komai sai guntun igiya da aka yanke da wuƙa.

Abin da Bukar ya faɗa ba shi da yawa. Yaya Modu ya gama da sassafe, ya ce a kai bakin ruwa. Bukar ya ce a bari, Yaya Modu ya ce masa in tsoro yake ji ya tsaya a sama. Suka sauka tare. Ya jefa tiyo, ya ja igiya, ruwa ya hau gaɓa ya zuba. Ya yanke tushen ya jefa a kogi, suka ɗora injin, ya ce, "Tafi, matar tana jira. Ni zan naɗe tiyona." Bukar ya kai hanya ke nan ya ji harbi daga ƙetare. A shingen farko labari ya cim masa cewa Yaya Modu aka harbe, ya cika.

Ya Fanna tana benci, ta ji duka. Ta taso ta tsaya kusa da amalanken, ta yi salati a hankali. Sannan ta ce, "Malam Ari, a bar injin yau. Ka je ka binne ɗan'uwanka."

Na dubi reshen da ta kawo ranar, na dubi rana. Kafin la'asar za a fitar da mutane daga gonaki. In ruwa bai shiga yau ba, gobe ba sauran abin shayarwa. Na ce wa Bukar kada ya sauke, ya wuce da ita gonar kai tsaye.

Ta ce, "Ba za ka ko duba shi ba?"

Na ce, "An duba."

A ranar aka yi jana'izarsa, ban samu ba. Ba moto, hanya kuma ana rufe ta da yamma. Na zauna na gama na huɗun, mai laka, wanda shi ma lokacinsa ya zo. Washegari na tafi gaisuwa. Na ji wasu sun ce Ari ya tsaya gyaran inji ranar da aka kashe abokinsa. Waɗanda suka faɗa ba su taɓa riƙe kile ba, kuma ba su san shi ba.

Injin ya ja tun igiyar farko. Gonar ta zubar da abin da ta zubar, sauran ya kama, ya yi ja. Masu gona suka bar mata, har yau ita ke nomanta. Injin sau ɗaya ya dawo mini tun lokacin, buji kawai. Duk shekara takan aiko da ƙaramin buhu na busasshen tattasai. Ba nawa ba ne, gidan Yaya Modu nake kai wa.

Tun daga nan ba ni da wurin fitar da aiki. Na gwada mutum biyu. Ɗaya ya riƙe inji yana cewa gobe har gona ta mutu. Ɗayan ya dawo da shi tushe a yanke, ashe ko a duro bai gwada ba, ya dai ji labarin cewa haka ake yi. Saboda haka yanzu in layi ya fi ƙarfina, rabin doka ta uku ya rage mini: in cire mai tsawo, in dubi mai shi in gaya masa gaskiya, ya nemi aron inji ko ya haƙura da gonar. Bana ma na faɗa wa wani. Kuna nan zaune lokacin, wannan yana nuna wa wancan abu a waya. Kun ɗauka tsada ce ta kore shi.

Ba lamba nake nema a wurinku ba. Mutum ɗaya nake nema wanda zai iya zama da piston da ya cije, ba waya, ba gaggawa, ya gama, ya ɗauka ya kai gaɓa da kansa, sannan ya yanke tushe. Ban ce inda ake harbi ba, ga gaɓa nan a bayan gari, mata ma suna wanki a wurin. Ranar da aka same shi, zan ɗora inji a kan tayar nan in kira sunansa.

Kafin nan, ku daina zama a kanta. Ba kujera ba ce.